Ƙiyasin gona da awon tiya

Duk manomin Dawce ya san hanya biyu ta sanin abin da gona za ta bayar. Akwai dattijon da zai shiga gona gero bai wuce gwiwa ba, ya dubi kaurin kara da duhun ganye, ya ce bana dami ɗari ba ya kasawa. Akwai kuma mai jiran kaka, a sussuka, a sheƙe, ya ɗauko tiya ya auna. In lissafin ya zo ɗaya, madalla. In ya saɓa, sai a shiga kallon-kallo. To, abin da masana taurari ke ciki ke nan, sai dai su gonarsu sararin samaniya ce ɗungurungum.

Tun 1929 Edwin Hubble ya nuna a Amurka cewa manyan garken taurarin da ake kira galaksi suna ta ja da baya daga gare mu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. Wato sararin ne kansa ke buɗewa. Wannan ba mai musu. Musun a kan saurin yake: kilomita nawa a daƙiƙa gudun ke ƙaruwa duk tazarar da haske ke shekara miliyan 3 da ɗoriya yana ratsawa?

Masu ƙiyasi su ne mutanen Planck, tauraron ɗan'adam da Turai ta harba a 2009. Ya ɗauko hoton haske mafi tsufa, wanda ya fito sararin yana da shekara 380,000 kacal. In ka tuna yanzu ana ba shi shekara biliyan 13.8, ai a lokacin ko tsiro bai gama huda ƙasa ba. Daga wannan tsiron suka bi lissafi har yau, a 2018 suka ce 67.

Masu tiya kuwa Adam Riess ke jagorantarsu, wanda ya samu kyautar Nobel a 2011. Ba wanda ke auna rumbu tiya-tiya. Ka san tiya nawa ke cika buhu, sai ka koma ƙirga buhuna. Tiyarsu wasu taurari ne masu haske suna dishewa a kan ƙa'ida, waɗanda Henrietta Leavitt ta gano a 1912 cewa mai jinkirin ƙyaftawa ya fi haske. Ka san ainihin haskensa, ka ga yadda ya dusashe kafin ya iso, ka san nisansa. Da su ake daidaita buhun, wato taurarin da ke fashewa a hango su daga can ƙurya. A 2022 suka ce 73.

Za ka ce 67 da 73 ai duk kanwar ja ce. Da can ma wasu 50 suke cewa, wasu 100, aka shekara da shekaru ana ja. Amma yanzu kowane ɓangare ya dage kuskurensa bai wuce 1 ba. A buhu mai tiya 40, giɓin ya haura tiya uku, kuma ban ga matar da za ta yafe tiya uku a kasuwar Matamai ba.

Zargin farko kan tiya ya faɗa, kamar kullum: ko an buga mata gindi, ko ana yi mata tozo? Ƙura na rage hasken tauraro, maƙwabtansa na ƙara masa. Aka harba madubin James Webb a 2021, ya sake duba taurarin Riess, awon bai motsa ba. Wendy Freedman ta Jami'ar Chicago ta zo da tata tiyar, tsofaffin jajayen taurari, ta samu wajen 70, tsaka-tsaki, rigimar ba ta mutu ba.

Saura zance ɗaya, kuma ni can na fi karkata. Tiya lafiyarta lau, idon dattijo ma lafiya lau, amma wani ruwa ya sauka cikin daminar ba wanda ya ƙirga shi, gero ya zarce ƙiyasi. Wasu masana na zaton wani ɓoyayyen ƙarfi ya taɓa sararin tun yana ɗanye. Ba abin mamaki ba ne, tunda su da bakinsu sun ce kashi 95 cikin ɗari na abin da ke cikinsa har yau ba su san ko mene ne ba.