Thalidomide: Raba Dama da Hagu Ba Zai Hana Masifar Ba

Idan aka iso darasin sinadarai masu siffar dama da hagu, da wuya malamin kimiyya ya wuce bai kawo labarin thalidomide ba. Yakan ce maganin siffa biyu gare shi, kowace hoton madubin 'yar'uwarta, kamar tafin hannun dama da na hagu. Wadda ake kira R ita ke sa barci, wadda ake kira S kuwa ita ke lalata halittar ɗan tayi. Sai ya rufe da cewa da an tace maganin an sayar da R zalla, da jariran sun tsira. Malaman da ke faɗin haka suna da hujjarsu, kuma niyyarsu kyakkyawa ce. Farkon maganar yana da tushe, ƙarshenta ne ke buƙatar gyara.

Kamfanin Chemie Grünenthal na Jamus ta Yamma ne ya fitar da maganin a 1957 da sunan Contergan, mata masu juna biyu suka riƙa shansa saboda laulayi da rashin barci. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, bayan likitoci Widukind Lenz na Jamus da William McBride na Ostareliya sun yi gargaɗi, an haifi jarirai kimanin 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu. Abin da aka sayar gauraye ne, rabi R rabi S. A 1979 Gottfried Blaschke da abokan aikinsa suka gwada siffofin biyu a kan ɓeraye, suka ɗora laifin a kan S. Daga nan labarin ya shiga littattafai.

Abin da labarin ya tsallake yana cikin ginin sinadarin kansa. Kabon ɗin da ke bambanta dama da hagu yana riƙe da abubuwa huɗu mabambanta, ɗaya daga cikinsu haidirojin ne, kuma yana maƙwabtaka da rukunin kabonil, wato C=O. Wannan rukuni yana janyo ilaktoron zuwa gare shi, sai riƙon haidirojin ɗin ya yi sako-sako. A cikin jini yakan fice. Da zarar ya fice, kabon ɗin ya zama shimfiɗaɗɗe, babu dama babu hagu. Idan wani haidirojin ya zo cike gurbin, yana iya shigowa ta sama ko ta ƙasa. Ta wannan gefe R ce ke fitowa, ta wancan kuma S. Ɗalibi ya riga ya san irin wannan a wani darasin: idan aka haɗa HCN da ethanal, gauraye rabi da rabi ake samu, domin shi ma kabonil shimfiɗaɗɗe ne, ana afka masa ta fuska biyu.

A 1995 masu bincike a Suwidin suka bai wa maza 'yan sa-kai siffa ɗaya zalla, cikin 'yan sa'o'i aka sami duka biyun a jininsu. Ke nan matar da ta sha R tsantsa, jikinta ne zai sarrafa mata S.

Adalci ne a ce bambancin siffofin gaskiya ne. A 2010 masana a Japan sun gano cewa thalidomide yana manne wa wani furotin mai suna cereblon, daga baya kuma aka nuna S ta fi R kama shi. Sai dai bambancin da jiki ke shafewa kafin gari ya waye ba zai zama kariya ba.

Abin da ya kare jarirai a Amurka taka-tsantsan ne. Frances Kelsey ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta ƙi amincewa da maganin tun 1960, ta ce hujjar amincinsa ba ta wadatar ba. Yau ma ana ba da shi ga masu fama da wata matsalar kuturta da sankarar ɓargo, a gauraye kamar da, bisa sharaɗi mai tsauri na hana ɗaukar ciki.

Saboda haka, malamai, a ci gaba da ba da labarin, amma a kai shi ƙarshe. A koya wa ɗalibi, duk inda ya ga kabon mai dama da hagu, ya duba ko yana ɗauke da haidirojin, ya kuma duba ko kabonil na gefensa.