Wayar da Aka Binne Cikin Bango

Yau ba farashin dawa ko masara na zo da shi ba. Zancen wayar lantarki ne, wadda yanzu kowa ke so a ɓoye masa cikin bango, da soket da kowa ke so a ƙara masa a ɗaki.

Wanda ya san Kakuri da Makera ya san da yawa cikin tsofaffin gidajen hayar nan domin ma'aikatan masaƙa aka gina su, tun daga lokacin da Kaduna Textiles ta soma aiki a 1957, sauran masaƙu suka biyo bayanta. Ciki da falo, ƙwai guda, soket guda, shi ke nan, domin abin da ma'aikaci ya mallaka rediyo ne, in ya yi ƙarfi ya haɗa da fanka. Waya kuwa a fili take bin bango, an kafe ta da 'yan ƙusoshi. NEPA ta zo a 1972, ta wuce a 2005, PHCN ta gaje ta, ita ma ta wuce, amma a wasu gidajen wayar nan ta fari ce har yau. Kayan ɗaki ne suka sauya: ga firji, ga talabijin, ga dutsen guga, ga butar dafa ruwa, ga wayoyin hannu na yara kowace tana neman caji.

To, ga lissafi. Soket mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda muke aiki da shi, iyakarsa amfiya 13. Wutarmu kuwa bolt 230 ce. In ka buga, wat 3,000 ke nan ba kaɗan. Butar dafa ruwa ita kaɗai tana iya cin 2,000, dutsen guga 1,000 ko fiye. Watau su biyun sun cika mudu. Sai mutum ya sayo abin jona mai baki shida da siririyar waya, ya ɗora masa kaya shida, sa'an nan don kada baƙi su ga tarkace ya tura wayar ƙarƙashin kafet ko bayan katifa. Waya in ta ɗauki kaya zafi take yi, in ka lulluɓe ta zafin ba shi da wurin fita. Mu masu hatsi har mun fi kowa wannan laifi, mu jera buhuna su rufe soket, a yi wata uku ba wanda ya gan shi.

Ƙara soket shi ne daidai, amma ba daga wayar ƙwai ba. Wayar fitila mai lamba 1.5 ce, ta soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki kuwa layinsu daban tun daga akwatin rarraba wuta, da waya 4 ko sama. Kuma waya uku ke shiga soket: ja, baƙa, da koriya. A sabon tsari ruwan ƙasa, shuɗiya, da koriya mai ratsin rawaya. Ta ukun nan ita ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle ta hau jikin firji, kuma ita ce ake fara zarewa in ana son rage kuɗin aiki, don ko babu ita kaya za su kama, mai gida ba zai sani ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, ni ma na taɓa. A 2019 na gyara wa babban ɗana ɗaki zai kawo amarya, na ce ba na son ganin waya ko ɗaya a fili. Na sami wani yaro mai wayarin, ya yi mini araha. Ya ce, "Alhaji, kuɗin fayif ɓarna ce, siminti ma ai rufi ne." Ni da na saba sai na soka ƙarfe a buhu na ga ƙwaya kafin in biya, ranar nan sai na yarda da baki. Ya sassaƙe bango, ya kwantar da waya tsirara, ya yi jone-jonensa ya naɗe da salatif, aka bi da filasta da fenti. Ɗaki ya yi kyau, wallahi. Da damina ta kankama cikin Agusta, bango ya sha ruwa, sai surukata ta aiko ƙaramin yaro, daga baya ta zo da kanta ta durƙusa ta ce, "Baba, bangon wajen gado yana jan mutum." Na kai bayan hannu, na ji. Da jariri ne ya jingina fa? Sai da aka fasa bango tun daga soket har silin, don babu wanda ya san ta inda wayar ta bi. Yaron a karkace ya ja ta, neman gajeriyar hanya. Na biya aiki sau biyu, har da fenti.

Dattijon da ya sake aikin ya koya mini abin da nake gaya muku. Waya ba ta shiga bango sai cikin fayif na roba, mai milimita 20 ko 25, yadda in ta lalace za a zaro ta a zura wata ba a fasa kome ba. Ba a yin joni a tsakiyar fayif, sai cikin akwati mai murfi. Hanya kuma miƙe take, daga soket ta yi sama tsaye ko ta yi gefe a kwance, don mai kafa ƙusa ya san inda zai kauce. Kafin a yi filasta ka ɗauki hoton bangon da wayarka ka ajiye. Cikin silin ma fayif, musamman gidan da ake ajiye hatsi, don inda hatsi yake ɓera na nan, ɓera kuwa yana gaigayar roba kamar gyaɗa. Ɗan haya da ba a yardar masa sassaƙa bango ba, akwai farar roba mai murfi da ake kafewa a jikin bango, waya ta kwanta ciki, kuma ana buɗewa a duba.

Saura saye. Nan ne aikinmu na 'yan kasuwa. Akwai wayar da ake yi a gida, kamar ta NOCACO da aka kafa nan Kakuri, akwai kuma ta jabu da ke aron sunan kowa. Wata alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Karce bakinta da wuƙa, in fari ya fito ka ajiye. Ɗaga ƙullin ka ji nauyi, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, alminiyam kuwa abin da yake ɗauka na wuta bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba. Duba tambarin NIS na hukumar SON. Tambayi tsawo kuma, mita ce ko yadi, don yadi 100 mita 91 ne da ɗan kai. Mai aikin ma tambaye shi takardar NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa tantance masu wayarin. In ya zo zai soma, kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta. A kashe daga babban makunni, a cire janareta da batirin sola, sa'an nan ya taɓa waya.