Wane Ne a Tsakiya? Ma'anar Kalmar "Mediated" a Kimiyyar Halittu

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin kimiyyar halittu na Turanci, ba makawa zai ci karo da kalmar "mediated". Galibi takan zo manne da wata kalma, kamar "insect-mediated pollination". A wajen duba takardun jarrabawa, na lura ɗalibai da dama suna fassara ta da "ya haddasa". Wasu kuma sukan rikita ta da "medicated", wadda ake rubutawa a kwalin sabulu mai magani. Kuskuren farko ya fi muni, domin wanda bai rarrabe mai haddasa cuta da mai kai ta ba, ba zai san inda zai tare ta ba.

Asalin kalmar

Tushen kalmar shi ne "medius", watau tsakiya a harshen Latin. A Turancin yau da kullum, idan dagaci ya shiga tsakanin manomi da makiyayi ya sasanta su, da wannan kalma ake bayyana aikinsa. A kimiyya kuwa babu batun sulhu. Abin nufi shi ne, wani abu ya auku ta hannun ɗan tsakani.

Mu ɗauki misalin dillali a kasuwar hatsi ta Dandume. Masarar ba tasa ba ce, kuma ba shi zai saya ba, amma ta hannunsa cinikin yake faɗawa. To, haka lamarin yake a nan. Dabarar fahimta ita ce a karanta jimlar daga dama zuwa hagu, tamkar ajami. Kalmar ƙarshe ita ce aikin, ta farko kuwa sunan dillalin. Saboda haka misalinmu na sama yana nufin kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan ta hanyar ƙwari, irin su ƙudan zuma.

Tsargiya a Malumfashi

A shekarun 1970, masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila sun gudanar da dogon bincike kan cututtukan yankin Malumfashi. Tsargiya, watau fitsarin jini, tana cikin abin da suka bi diddiginsa, musamman a madatsar Ruwan Sanyi, inda suka ga yara maza masu iyo su ne a sahun gaba.

Mai haddasa tsargiya wata tsutsa ce da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ƙwanta yana fita cikin fitsarin majiyyaci. Idan ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, amma 'yar tsutsar da ta fito ba ta iya kama mutum. Dole sai ta shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi mai suna Bulinus. A can za ta hayayyafa na tsawon makonni, sa'an nan dubbai su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Robert Leiper ne ya tabbatar da wannan zagaye a Masar a 1915.

Ke nan dodon koɗin dillali ne, shi ya sa ake cewa "snail-mediated". Ɗalibin da ya gane haka ya san ba a ɗaukar tsargiya ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Ya kuma san akwai wurare uku na katse sarƙar: a ba majiyyaci maganin praziquantel, a daina fitsari a ruwa, a rage dodon koɗi da ciyawar da yake maƙalewa.

Kuturtar gyaɗa

Dattawan manoma ba su manta da daminar 1975 ba, lokacin da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin arewacin Nijeriya. Bairas ne ke haddasa ta, amma ba shi da ƙafa balle fuffuke. Darɓa ce ke tsotso shi daga gyaɗa mai ciwo ta kai wa mai lafiya. Tunda babu feshin da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu, sai malaman gona suka karkata ga dillalin. Suka ba da shawarar a yi shuka da wuri, kuma a matse tazara, domin darɓa ta fi sauka a gonar da ƙasa ke bayyane tsakanin shuke-shuke. Bugu da ƙari, an samar da iri masu jure cutar.

Ba kowane dillali ne mugu ba

Kada mai karatu ya zaci kalmar ta cuta ce kaɗai. A 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar Maruca mai huda kwanso ba ta iya yi wa ɓarna. Ƙwayar gadon da ke kare shi ta fito ne daga wata bakteriyar ƙasa, amma wata bakteriyar daban mai suna Agrobacterium ce ta shigar da ita cikin waken. A nan masana ne suka ɗauki dillali aiki. Haka nan "cell-mediated immunity" na nufin kariyar da jiki ke samu ta hannun wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta shiga.

Kammalawa

Shawarata ga malamai ita ce, duk sa'ad da kalmar ta fito a darasi, a zana gidaje uku a allo: mafari, dillali, da masauki. A sa ɗalibai su cike su da zazzaɓin cizon sauro, su faɗi wane ne mai haddasawa, wane ne mai kaiwa. Sa'an nan a tambaye su: in an kawar da na tsakiya, me zai faru? Ɗalibin da ya amsa wannan ya fahimci dalilin kwana cikin gidan sauro, kuma zai yi tunani sau biyu kafin ya faɗa kududdufi da tsakar rana.