Yaɓe Ke Riƙe Gida, Ko da a Sikotlan

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san kaurin katanga kaɗai ba ya tsayar da gida. Kafin damina ta faɗi, maigida zai kewaya ya duba indararo, ya sa a kwaɓa ƙasa a toshe tsaga, a sake yaɓe, a bi soro da makuba. In mutanen gida suka watse, 'yan damina kaɗan sun isa su mai da shi kango, maƙwabta kuma su fara ɗibar ƙasarsa suna buga tubali.

Mutum zai ɗauka ginin dutse ya fi ƙarfin wannan ƙa'ida. To, a leƙa garin Sant Andurus da ke bakin teku a gabashin Sikotlan. An sa harsashin babbar majami'arsa wajen 1158, aka keɓe ta a 1318 a gaban Sarki Robert Bruce, kuma babu ɗakin ibada da ya kai ta girma a ƙasar. A 1559, da guguwar 'yan Furotesta ta taso, jama'a suka afka mata bayan wa'azin John Knox, suka farfasa gumaka da kayan ado. Ginin bai faɗi ran nan ba. Barinsa aka yi, rufi ya tafi, iskar teku ta yi aikinta, mutanen gari suka riƙa kwasar duwatsu suna gina gidajensu. Yau sai tsayayyun guntayen bango, da kaburbura da suka mamaye filin.

Labarin babbar majami'ar garin Elgin ya fi ba da mamaki. An cinna mata wuta a 1390, aka sake gina ta, domin a lokacin tana da masu ita. Abin da ya gama da ita shi ne kware darmar rufinta da hukuma ta sa aka yi a 1567. Daga nan ruwa ya sami hanya, har hasumiyar tsakiya ta rufto a 1711. Ta Gilasgo kuwa tana nan da rufinta, don ba a daina shiga ba. Har raba cikinta aka yi wa jama'a uku, kowace da wurin ibadarta. A kan tudun bayanta ne aka buɗe babbar maƙabartar birnin a 1833, inda mutum kusan 50,000 ke kwance.

A irin waɗannan maƙabartu ake jin busar da aka san ƙasar da ita. Algaita ce mai jakar fata: mabushi ya hura iska cikin jakar, ya matse ta a hammata, bututu uku a kafaɗarsa suna gunji ba yankewa, yatsunsa na kan na huɗu mai murya tara kacal. Tsohon salonta, pibrok, ba na rawa ba ne. Akwai na kiran dangi, akwai na gaisar da shugaba, akwai na makoki. Ana farawa da jigo a hankali, a riƙa ƙara masa ado har yatsu su gaji, sannan a komo kan jigon. Wanda bai saba ba yakan ƙosa, ni kuwa ina ganin nan daɗin yake.

Wannan busa ba ta da harsashi ko ginshiƙi, kuma da farko ba a rubuce take ba. Gidan MacCrimmon, mabusan gado na shugabannin dangin MacLeod a tsibirin Skye, da baki suke koyarwa: malami ya rera wasu gaɓoɓi, kowace na nuna murya da motsin yatsa, almajiri ya maimaita har ya zauna masa. Yaɓen ke nan, kowane zamani da hannun da ya shafa nasa.

Busar ma ta ga tata mummunar damina. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnati ta karya ƙarfin shugabannin dangi, masu ciyar da mabusa ke nan. Da an yi shiru, da ta bi sahun Elgin. Sai wata ƙungiyar mutanen tsaunuka mazauna Landan ta kafa gasar busa a Falkirk a 1781, rundunonin soja suka ɗauki mabusa aiki, wani mabushi mai suna Angus MacKay ya buga tarin tsofaffin take a 1838, Sarauniya Biktoriya kuma ta naɗa shi mabushinta a 1843. Wasu na ƙorafin cewa gasa da takarda sun sanƙarar da salon. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma gidan da yaɓe ya sauya wa kama ya fi kango.

Yau a Gilasgo akwai cibiyar koyar da wannan busa ta ƙasa, wadda aka buɗe a 1996, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashe daban-daban. Ginin da take ciki tsohuwar majami'a ce da aka daina ibada a cikinta.