Yaƙin da Ake Yi Bi-da-bi: Daɗin Heroes III da Aibinsa

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani jinsi wanda ba saurin yatsa yake nema ga mai yinsa ba, sai dai natsuwa da tadabburi, domin kuwa bi-da-bi ake yinsa kamar dara: kai ka yi naka, ka ɗaga hannu, abokin karawa ya yi nasa, kuma muddin layi yana kanka, ko da za ka tashi ka ci tuwo ka dawo, rundunarka tana nan tsaye inda ka bar ta. Asalin wannan tsari tsoho ne ƙwarai, tun daga shaɗaranji, wanda irin su Assuli suka shahara da shi a fadar Bagadaza, wanda kuma fuƙaha'u suka yi saɓani a kan hukuncinsa, Malikawa suka tsananta, Shafi'awa suka ɗan sassauta. Abin da masu kwamfuta suka ƙara shi ne, sun ɗauke allon nan mai gida sittin da huɗu, suka shimfiɗa ƙasa sukutum a madadinsa, da birane da dazuzzuka da dodanni irin na tatsuniya.

Wanda ya fi cancanta a buga misali da shi, a ganina, shi ne Heroes of Might and Magic III, wanda kamfanin New World Computing na Kalifoniya ta Amurka ya yi, kamfanin 3DO ya fitar a 1999. Jon Van Caneghem ne ya kafa harsashin silsilar, tun daga King's Bounty na 1990, sa'an nan Heroes na farko a 1995.

Ga yadda al'amarin yake. Ana ba mutum birni guda da barde a kan doki, sauran duniya kuwa duhu ne, ba ta yayewa sai inda kofaton dokin ya taka. Kowane layi kwana ɗaya ne, kuma a cikin kwanan nan gini ɗaya tak ake iya yi a birni, dokin kuma yana da iyakar tafiyar da zai yi kafin ya tsaya. Dukiya iri bakwai ce: zinariya, katako, tama, zaiba, farar wuta, ƙarau da duwatsu masu daraja, kuma ba a taɓa samun wadatarsu duka a farkon wasa. To, a nan daɗin yake, domin sababbin mayaƙa ba sa fitowa sai ranar farko ta mako, saboda haka wanda ya kai kwana na bakwai da 'yan kuɗi kaɗan a hannu, ga barikin mahaya yana son ginawa don gobe ya sami ƙari, ga kuma majalisar birni wadda za ta riƙa ba shi zinariya 2000 kullum, lalle ne ya zaɓi ɗaya ya haƙura da ɗaya, alhali kuwa ya san zaɓin nan zai bi shi har ƙarshen wata. Na sha ganin mutum ya tallabe haɓa yana ƙirga taku a kan allo, don dokinsa ya gaji saura taki ɗaya rak ya isa mahaƙar zinariya, kuma ya san gobe barden maƙwabci na iya riga shi.

Idan aka yi arangama, sai a koma wani fili mai gidaje masu kusurwa shida, kowane rukunin mayaƙa da adadinsa rubuce a gindinsa, mai sauri ya fara motsi. Barde ba ya shiga fage, yana gefe yana jefa sihiri sau ɗaya a kowane zagaye. Musulmi mai kiyaye aƙida zai yamutsa fuska in ya ga a cikin mayaƙan nan an sifanta mala'iku da shaiɗanu an mai da su sojan haya, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba.

Wani abin da ya ɗaukaka wasan shi ne, mutum har takwas suna iya yinsa a kan kwamfuta ɗaya, suna karɓa-karɓar kujera. Da wannan ne, ina tsammani, ya kafu a Rasha da Folan, inda a wancan zamani ba kowane gida ke da na'ura ba. Wanda layinsa ya wuce sai ya juya baya ko ya fita waje, bisa amana, don kada ya ga inda abokinsa ya ɓoye runduna.

Amma fa jiran nan da ke sa wasan daɗi, shi ne kuma tushen aibinsa. A makon farko layi ba ya wuce minti biyu. In aka shiga wata na uku, mutum yana da birane shida da barade takwas, sai layi ɗaya ya ci rabin sa'a, yawancinsa kuwa ba dabara ba ce, aikin magatakarda ne: bi birni-birni kana sayen mayaƙa, kana jera barade suna miƙa wa juna su har su isa bakin daga. Sauran 'yan wasa kuwa suna zaune suna hamma.

Babbar nakasa, wadda ta fi wannan, ita ce nasara tana tabbata tun da sauran tafiya. Duk wanda ya ci babban yaƙin farko ba tare da hasara mai yawa ba, bardensa zai ƙara daraja, ya gaje kayan wanda ya kayar, ya kama birninsa, kuma da kuɗin birnin nan zai ƙara runduna, har ya zama babu mai iya tare shi, ga shi kuwa ƙa'ida ta ce sai an ƙwace kowane birni, an kuma kama kowane barde ko ya yi kwana bakwai ba shi da masauki. Sai mutum ya shafe sa'o'i yana farautar barde guda da ke gudu a lungunan ƙarƙashin ƙasa, bayan kowa ya riga ya san wanda ya ci. Ma'auni ma bai daidaita ba tsakanin birane takwas na asali: masu birnin matattu, waɗanda ke tayar da ƙwarangwal daga gawarwakin kowane yaƙi, rundunarsu ƙaruwa take yi a inda ta kowa ke raguwa, haka kuma wanda ya dace da sihirin da ke mai da barde birninsa nan take, ko wanda ke tsallakar da shi duwatsu, ya riga ya yi wa sauran fintinkau. Ita kuwa kwamfutar, in ita ce abokiyar gaba, wayonta kaɗan ne, tana barin birni ba tsaro, kuma in an ce a tsananta wasa, galibi dukiyar mutum ake ragewa tun farko, ba hikimarta ake ƙarawa ba.

Kamfanin 3DO ya karye a 2003, Ubisoft na Faransa ya sayi sunan, aka ci gaba da fitar da sababbi, amma jama'a da yawa suka ƙi barin na uku. Wasu masoyansa, galibi masu jin Rashanci, suka fitar da ƙari na kyauta mai suna Horn of the Abyss a ƙarshen 2011, suka rage ƙarfin abubuwan da suka yi rinjaye, suka ƙara birnin 'yan fashin teku. A gasar da ake yi ta intanet yanzu an sa agogo a kan kowane layi, ana kuma barin mutum biyu su yi kwanakin farko a lokaci ɗaya har zuwa sa'ad da rundunoninsu za su kusanci juna, kuma bisa al'ada, wanda aka karya babbar rundunarsa yakan sallama nan take, ba ya jira a bi shi birni-birni.