ME YA SA KWAMFUTAR OFIS TAKE ƘIN BUƊEWA IDAN BA INTANET?

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zango na samu aikin wucin gadi a wani ofishin fassara, aka ba ni kwamfutar tafi-da-gidanka domin in je ƙauye in naɗo hirarraki da tsofaffi, in rubuta su. Da na isa, na kunna ta na sa kalmar sirrina, sai ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ga aikin mako uku a ciki, ga wa'adin miƙawa saura kwana biyu. Wannan maƙala za ta bayyana abin da na koya daga wannan tasku, domin da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe za mu riƙe irin waɗannan kwamfutoci idan mun fara aiki.

Yadda Abin Yake

A ma'aikatu masu amfani da Windows, ana haɗa kwamfutoci cikin rukuni guda da ake kira domen. Tsarin da Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000, wato Active Directory, shi ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa a wata babbar kwamfuta ta ofis. Ita ce kamar mai unguwa, duk wanda zai shiga sai an tambaye ta ko ta san shi.

To idan ka yi nesa da ofis fa? A nan kwamfutar hannunka takan dogara da abin da ta tuna. Duk lokacin da ka shiga alhali tana haɗe da ofis, takan adana wata shaida da aka sarrafa daga kalmar sirrinka, ba ita kalmar kanta ba. Bisa tsarin asali tana riƙe shaidar shiga 10, kuma mai kula da kwamfutocin ofis yana iya ƙara adadin har zuwa 50, ko ya mai da shi sifili.

Matakan Gano Matsala

Abu na farko shi ne karanta saƙon da ya bayyana. Idan ya ce babu babbar kwamfutar da za ta tantance ka, to babu shaidarka a ajiye. Ko dai ba ka taɓa shiga wannan kwamfutar a ofis ba, ko mutane da yawa sun shiga bayanka har tasu ta ture taka, ko kuwa ofis ya hana adanawa. Maganin wannan sai an koma an haɗa ta da ofis.

Idan kuwa ya ce kalmar sirri ba daidai ba ce, shaidarka tana nan, abin da ka rubuta ne bai dace da ita ba. Duba maɓallin manyan baƙaƙe. Duba harshen allon rubutu a ƙasan fuskar shiga, domin mu masu sauyawa tsakanin allon Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da na Ingilishi mukan faɗa wannan tarko. Sannan ka duba sunan da ka sa. Asusun ofis yakan zo da sunan domen a gaba, sai sanda mai karkata baya, sai sunanka. Ɗigo da wannan sanda kuwa suna nufin asusun ita kwamfutar kaɗai.

Daga nan sai ka tambayi kanka, yaushe na canza kalmar sirri, kuma a wace na'ura? Nan tawa matsalar take. Ana gobe zan tafi na canza ta a kwamfutar tebur ta ofis, ita kuwa ta hannuna tana cikin jaka, labari bai iske ta ba. Da na sa tsohuwar kalmar, nan take ta buɗe.

Da na samu intanet a gari, sai na shiga da tsohuwar, na haɗa da ofis ta hanyar VPN, na kulle fuska da maɓallin Windows da L, na buɗe da sabuwar. Tun daga lokacin ta riƙe sabuwar.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Kafin ka bar ofis, ka shiga kwamfutar da kalmar sirrinka ta yanzu, sannan ka kashe intanet ka sake kunna ta ka gani ko za ta buɗe. Kada ka kai ta wurin mai gyara a kasuwa ya goge ta, domin kayan ofis ne, kuma aikinka zai iya salwanta. Ka tafi da lambar mai kula da kwamfutocin ofishinku a takarda, ka kuma ajiye kwafin aikinka a inda ofis ya amince. Allah Ya ba mu sa'a.