Idan Mutum Ya Tashi da Faɗa Ba Dalili

Sau da yawa akan kawo mana mutum ɗakin shan magani a ɗaure tamau, bayansa duk shatar bulala, a ce iska ce ta buge shi. In muka auna shi sai mu tarar jikinsa ya yi zafi rau. Zazzaɓi ne ya hau masa ka.

Ku sani, mutumin da aka saba gani da haƙuri, in ya wayi gari yana zage-zage yana kai duka, galibi ciwo ne. Zazzaɓin cizon sauro yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau ma haka, tun ba da bazara ba. Ku duba ko wuyansa ya ƙage. Mai farfaɗiya yakan farka a ruɗe, ya ture duk wanda ya riƙe shi. Mai jego hankalinta yakan gushe cikin makonnin farko bayan haihuwa. Ga kuma samari masu shan wiwi da tramol da zaƙami.

To, in abin ya faru, kada ku taru a kansa. Taro yana tsorata shi, mai tsoro kuwa shi ke kai duka. Ku kori yara da 'yan kallo, ku kwashe wuƙa da adda da taɓarya. Mutum ɗaya wanda yake jin nauyinsa, kawunsa ko amininsa, shi zai yi magana. Ya tsaya ɗan nesa, kada ya tare ƙofa, ya kira sunansa a hankali. In ya ce yana jin muryoyi, kada a yi masa dariya, kada a yi gardama da shi.

In ba makawa sai an riƙe shi, maza huɗu su kama hannuwa da ƙafafu, a ɗaure da zane mai laushi. Kada a kifa shi, kada kowa ya danne masa ƙirji ko wuya, don numfashi yakan ɗauke. Duka da mari ba sa warkarwa, sai dai su bar gyambo.

Ku kawo shi a ranar, tare da wanda ya ga farkon abin. In kare ya taɓa cizonsa, ku faɗa mana. In taɓin hankali ne, akwai asibitocinsa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Maganin yakan ɗauki makonni kafin ya kama sosai. Kada a daina ba shi don an ga sauƙi, sai likita ya ce.